Yadda ake haɗa ƙaramar amfilifayar hedifon mai aiki da batir 9V

Sau da yawa matashi zai tara kuɗi ya sayi babban hedifon irin na situdiyo, ya jona shi a wayarsa, ya ƙure bolum, amma sautin ya fito a sanyaye, kiɗan ganga babu nauyi. Nan take sai a ce hedifon ɗin jabu ne ko kuma wayar ce ta lalace. A lokuta da dama duka biyun lafiyarsu ƙalau. Wayar ce kawai ba ta da ƙarfin tura irin wannan hedifon.

Maganin hakan shi ne ƙaramar amfilifaya da ke shiga tsakanin waya da hedifon, kuma wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi zai iya haɗa ta a gida cikin yini ɗaya. Sai dai ba kowane hedifon take yi wa amfani ba, kuma idan aka haɗa ta ba daidai ba tana iya ƙona hedifon ɗin da aka yi ta dominsa. Don haka lissafi da gwaji sun fi liƙin kansa muhimmanci.

Wane hedifon ne ke buƙatarta?

Kowane hedifon yana da turjiya, wato yadda yake tare wutar da ke bi ta cikinsa. Ana auna ta da om, kuma ana rubuta ta a jikin kwali. Iyafis ɗin da ke zuwa tare da waya yawanci om 16 ne zuwa 32. Na situdiyo kuwa sun fi haka: Sony MDR-7506 om 63 ne, Sennheiser HD 600 om 300 ne, shi kuma Beyerdynamic DT 770 Pro ana yin sa a om 32 da 80 da 250.

Ramin sauti na yawancin wayoyi ba ya fitar da abin da ya wuce bolt 1, wasu ma rabin haka suke bayarwa. Ƙarfin da ke isa kunne ana samun sa ne idan aka ninka bolt da kansa, sannan aka raba da om. Bolt 1 a iyafis mai om 32 yana ba da miliwat 31, wanda ya ishi kowa har ya yi yawa. Bolt 1 ɗin nan a hedifon mai om 300 miliwat 3.3 kawai yake bayarwa. Idan wayar rabin bolt take fitarwa, abin bai ma kai miliwat 1 ba. Ƙarfin da ya ragu sau 10 kuwa kunne yana jin sa kamar an rage ƙara da rabi.

Ke nan wannan na'ura ta masu hedifon mai om 80 zuwa sama ce. Wanda iyafis mai om 32 yake amfani da shi, kuma sautin yana isarsa, ba zai ƙaru da komai ba, sai ma ya yi asara, kamar yadda lissafi zai nuna a gaba. Haka kuma amfilifaya ba ta gyara waƙar da aka matse ta ta hanyar turawa a WhatsApp. Abin da aka ba ta shi take ƙara wa ƙarfi, mai kyau ko maras kyau.

Asalin wannan tsari

Tsarin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda ake kira CMoy, daga sunan Chu Moy, wani mai sha'awar kayan sauti a Amurka da ya wallafa shi a shafinsa na HeadWize a 1998. Ya yi amfani da IC na kamfanin Burr-Brown, wanda Texas Instruments ya saye a 2000. Masu haɗawa sun saba saka na'urar a gwangwanin alewar Altoids, har gwangwanin ya zama alamarta. Abin da ya sa ta yi farin jini shi ne kayanta ba su da yawa, babu wutar NEPA a ciki balle a ji tsoron jan wuta, kuma mai koyo zai iya gane aikin kowane ɓangare.

Kayan da ake buƙata

IC ɗaya, OPA2134 ko OPA2132, mai ƙafa 8, tare da soket ɗinsa.
Rizisto mai om 4,700 guda 2.
Rizisto mai om 100,000 guda 2.
Rizisto mai om 10,000 guda 3, biyu na sauti, ɗaya na fitila.
Rizisto mai om 1,000 zuwa 3,300 guda 2, gwargwadon ninkin da ake so.
Kafasito mai 220µF guda 2, wanda zai ɗauki aƙalla bolt 25.
Kafasito na leda mai 0.1µF guda 2.
Bolum mai hawa biyu, wanda aka rubuta wa A10K.
Jak na sitiriyo mai milimita 3.5 guda 2, na shiga da na fita.
Makunni, ƙaramar fitilar LED, hular batir, da batir 9V ɗaya ko biyu.
Allon Veroboard, gwangwanin ƙarfe, da kebul mai kai biyu na jona waya.

Kayan aiki kuwa su ne ƙarfen liƙi, dalma, abin yanke ƙafafu, da mita mai auna bolt da om. Mitar dole ce. Wanda ba shi da ita ya ara a wurin mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya. Rizisto da kafasito da jak ana samun su a shagunan kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na Sabon Gari a Kano. IC ɗin ne ke wuya, domin sau da yawa sai an yi odarsa, kuma jabunsa ya yi yawa a kasuwannin intanet. Gwangwanin kayan lissafi na 'yan makaranta zai iya maye gurbin na Altoids, muddin batirin zai shiga murfi ya rufe.

Yadda sauti ke bi ta ciki

A cikin IC ɗin akwai amfilifaya biyu, ɗaya ta kunnen hagu, ɗaya ta dama. Idan aka ajiye shi 'yar tsagar da ke jikinsa tana sama, ƙafa ta 1 tana sama a hagu, ana ƙirgawa zuwa ƙasa har ta 4, sannan a tsallaka dama a hau daga ta 5 zuwa ta 8. Ƙafa ta 8 ita ke karɓar ɓangaren + na batir, ta 4 kuma ɓangaren −. A kunne na farko, sauti yana shiga ta ƙafa ta 3, ya fita ta ƙafa ta 1, ƙafa ta 2 kuma ta daidaita ninki ce. A kunne na biyu, shiga ta 5, fita ta 7, daidaitawa ta 6.

Sauti daga waya yana fara isa bolum. Daga ƙafar tsakiya ta bolum ya ratsa kafasito mai 0.1µF, ya shiga ƙafa ta 3. Aikin wannan kafasito shi ne tare tsayayyiyar wuta, wadda ake rubutawa DC, ya bar sauti kaɗai ya wuce. Daga ƙafa ta 3 kuma rizisto mai om 100,000 yana sauka zuwa giraun, wato layin sifili da ake auna komai daga gare shi. Waɗannan biyun tare suna fara rage sautin da ya gaza haz 16, alhali kunnen ɗan Adam daga wajen haz 20 yake fara ji, saboda haka babu kiɗan da ya ɓata.

Ninki kuma rizisto biyu ne ke yanke shi. Mai om 10,000 yana tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, ƙaramin kuma yana tsakanin ƙafa ta 2 da giraun. A raba babban da ƙaramin, a ƙara 1. Idan ƙaramin om 1,000 ne, ninkin 11 ne, kamar yadda yake a tsarin asali. Ga wayoyin yau wannan ya yi yawa, domin bolt 1 sau 11 ya zarce abin da ke cikin batirin gaba ɗaya. Sakamakon shi ne bolum ya riƙa yin ƙara tun daga ɗan murɗawa, ga kuma shuuu a bayan waƙa. Om 2,000 yana ba da ninki 6, om 3,300 yana ba da kusan 4. Ga yawancin hedifon mai om 80 zuwa 300, ninki 4 zuwa 6 ya wadatar.

Giraun na aro, inda raunin na'urar yake

Sauti wuta ce mai kaiwa da komowa, sama da sifili da ƙasa da shi. Don haka IC ɗin yana buƙatar wuta ta ɓangare biyu da sifili a tsakiya, alhali batir baki biyu kawai gare shi. Dabarar CMoy ita ce a jera rizisto biyu masu om 4,700 daga + zuwa −. Mahaɗarsu tana tsakiya daidai, bolt 4.5 daga kowane gefe, sai a ɗauke ta a matsayin giraun. Kafasito biyu masu 220µF suna gefen rizistocin don riƙe wannan tsakiya lokacin da kiɗa ya buga da ƙarfi.

Matsalar ita ce wutar da ke bi ta rizistocin nan ba ta kai miliyamfiya 1 cikakke ba. Idan hedifon ya riƙa zuba tsayayyiyar wuta a giraun fiye da haka, tsakiyar sai ta karkata. Gefe ɗaya ya koma bolt 7, ɗayan bolt 2, sauti ya fara karcewa. Hedifon mai ƙaramar turjiya shi ya fi jawo wannan.

Akwai hanya biyu ta ƙarfafa wurin. Ta farko ita ce a cire rizistocin biyu a saka TLE2426, wani ɗan ƙaramin IC mai ƙafa 3 da Texas Instruments ya yi domin raba wuta biyu daidai. Ta biyu ita ce a jera batir biyu a ɗauki mahaɗarsu a matsayin giraun na gaske. Wannan tana buƙatar makunni mai yanke layi biyu lokaci guda, kuma dole a riƙa canza batiran tare, domin idan ɗaya ya riga ɗaya mutuwa, tsayayyiyar wuta na iya fita zuwa hedifon.

Abin da ya sa ba kowane IC ke shiga ba

IC da yawa suna da ƙafafu iri ɗaya da OPA2134, kuma za su zauna a soket ɗin daram. NE5532 da 4558 sun cika tsofaffin rediyoyi da na'urorin DVD, ga araha. Amma NE5532 yana jan 'yar wuta ta ƙafar shigarsa, kimanin nanoyamfiya 200. Idan ta bi ta rizisto mai om 100,000 sai ta zama milibolt 20, ninki 11 kuma ya mai da ita milibolt 220 na tsayayyiyar wuta a bakin fita. A iyafis mai om 32 wannan kusan miliyamfiya 7 ne ke zuba babu tsayawa, ninki 7 na abin da rizistocin giraun ke ɗauke da shi. OPA2134 mashigarsa ta FET ce, wutar da yake ja a nan ba a ma lissafa ta, shi ya sa ya dace da wannan tsari. Yana kuma aiki daga bolt 2.5 a kowane gefe, don haka batir ɗaya na iya tayar da shi.

TL072 shi ma na FET ne, amma ba a yi shi don tura kaya mai nauyi kamar hedifon ba. LM386 da ake gani a ƙananan sifiku kuwa tsarinsa daban ne, kunne ɗaya yake ɗauka, kuma shuuu ɗinsa ya yi yawa ga hedifon.

Shi kansa OPA2134 yana da iyaka, domin abin da yake iya fitarwa kimanin miliyamfiya 35 ne. A iyafis mai om 32 wannan bai wuce miliwat 20 ba, ƙasa da miliwat 31 da waya mai bolt 1 ke bayarwa ita kaɗai. A hedifon mai om 300 kuwa labari ya sauya. Batir ɗaya yana ba da bolt 1.5 zuwa 2, wato miliwat 7 zuwa 13. Batir biyu a jere, bolt 18, suna kai shi wajen bolt 4, wato sama da miliwat 50. Mai hedifon om 250 ko 300 ya fi dacewa ya tsara gwangwaninsa da wurin batir biyu tun farko.

Matakan haɗawa

Mataki na 1: A auna kowane rizisto da mita kafin a liƙa, domin launukan jikinsu suna ruɗarwa. Na kunnen hagu da na dama su yi kusa da juna a awo, don kada kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara.

Mataki na 2: A fara da ɓangaren wuta kaɗai, wato hular batir, makunni, rizistoci masu om 4,700, manyan kafasito, da fitila tare da rizistonta. Manyan kafasiton suna da gaba da baya. Zanen da ke gefensu yana nuna ƙafar −. Na sama ƙafarsa ta − tana zuwa giraun, na ƙasa kuma ƙafarsa ta + ce ke zuwa giraun. Idan aka juya su suna iya kumbura ko fashewa.

Mataki na 3: A liƙa soket ba tare da IC a ciki ba. A kunna, a ɗora baƙin tsinken mita a giraun. Ƙafa ta 8 ta nuna kusan +4.5, ta 4 ta nuna kusan −4.5. Idan ba haka ba, kada a ci gaba sai an gano dalili.

Mataki na 4: A kashe, a liƙa kayan kunne ɗaya, sannan a maimaita a ɗayan. Ƙafafu su zama gajeru, musamman na ƙafa ta 2 da ta 6.

Mataki na 5: A jona bolum da jak. A kan filogin sitiriyo, tsinin na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma giraun. A kowane hawa na bolum, ƙafar gefe ɗaya tana zuwa jak na shiga, ɗaya gefen giraun, ta tsakiya kuma kafasito.

Mataki na 6: A shimfiɗa kwali ko salatif mai kauri a cikin gwangwani kafin a saka allon. Jikin gwangwanin yana haɗe da giraun ta hanyar jak, saboda haka bakin batir, ko + ko −, bai kamata ya taɓa shi ba.

Dalma ta gama-gari tana da gubar darma a ciki. A yi liƙi a wuri mai iska, a wanke hannu kafin cin abinci.

Gwajin da ba a tsallakewa

Bayan an saka IC, tsagarsa tana fuskantar inda ta soket take, a kunna ba tare da hedifon ba. A taɓa IC ɗin da yatsa. Idan ya yi zafi, a kashe nan da nan, domin ko dai an juya shi ko akwai dalmar da ta haɗe layi biyu. Sai a mai da mita kan milibolt na DC, a auna tsakanin ƙafa ta 1 da giraun, sannan ta 7 da giraun. OPA2134 na gaske yakan nuna 'yan milibolt kaɗan. Abin da ya wuce 20 alama ce ta matsala, ko a liƙi ko a IC ɗin kansa. Wannan awo ma hanya ce ta zargin jabu, domin akwai masu goge sunan IC mai araha su buga na mai tsada a kai.

Gwajin sauti na farko a yi shi da tsohon iyafis da ba za a yi baƙin cikin rasa shi ba, bolum a ƙasa, iyafis ɗin kuma ba a cikin kunne ba. A saba da kunna na'urar kafin a jona hedifon, a kuma cire shi kafin a kashe, saboda ɗan bugun da take yi.

Matsalolin da aka fi haɗuwa da su

Kunne ɗaya shiru: yawanci liƙi ne bai kama ba, ko ƙafar jak aka musanya.

Ƙugi idan aka taɓa gwangwani ko bolum: giraun bai haɗu da jikin ƙarfen ba.

Ɗit-ɗit lokacin da kira ko saƙo zai shigo: siginar waya ce ke kutsawa. A rufe murfin ƙarfen, a gajarta kebul.

Karcewa idan an ƙara bolum: batir ya yi sanyi, ko giraun ya karkata, ko hedifon ya yi wa IC nauyi. A auna ƙafa ta 8 da ta 4 yayin da waƙa ke tafiya.

Akwai kuskure ɗaya mai tsada. Kada a ciyar da na'urar daga fawa bank ko caja ɗaya da ke cajin wayar da aka jona. Giraun na waya yana haɗe da ɓangaren − na cajar, don haka kebul ɗin sauti zai haɗe giraun na aro da ɓangaren − kai tsaye, rabin wutar na'urar ya ruguje, tsayayyiyar wuta ta nufi hedifon.

Batir da wayoyi marasa ramin sauti

Na'urar tana jan kimanin miliyamfiya 10: IC yana cin 8, sauran na rizistocin giraun da fitila ne. Batir 9V na alkalin yana ɗauke da miliyamfiya-awa 500 zuwa 600, wato a lissafi awa 50 ko fiye, a aikace kuma ƙasa da haka. Masu araha na zinki ba sa kai wannan. Batir 9V na litiyom masu cajin USB, wasunsu suna da da'irar ɗaga wuta a ciki da ke iya shigar da ƙara cikin sauti, don haka a gwada kafin a dogara da su.

Tun da Apple ya cire ramin sauti daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyi da yawa sun bi sahu, ko da yake yawancin Tecno da Infinix da itel masu matsakaicin farashi suna da shi. Mai wayar da ba ta da ramin sai ya sa ɗan adafta na USB-C ko Lightning, sannan ya jona amfilifayar a bakinsa. Ya kamata ya fara gwada adaftan shi kaɗai, domin wasu suna da ƙarfin da zai wadatar ba tare da ƙarin na'ura ba. Makirfon na iyafis kuma ba ya ratsa wannan amfilifaya, ta sauraro ce kawai.

Kunne ba shi da safaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. A ma'auninta, babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a desibel 100 kuwa minti 20 kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Amfilifaya tana sa gargaɗin bolum da waya ke nunawa ya rasa ma'ana, domin wayar ba ta san an ninka abin da ta fitar ba. Wannan ƙarin dalili ne na zaɓar ƙaramin ninki. Idan wanda ke tsaye kusa ya yi magana ba a ji shi sam, ko kunne ya riƙa ƙara bayan an cire hedifon, bolum ya yi yawa.

Kafin a kashe ko sisi, a duba om ɗin da ke jikin kwalin hedifon. Idan 32 ne ko ƙasa, a bar kuɗin a aljihu, sai dai in don koyon liƙi za a yi. Idan 80 ne zuwa sama kuma waya ta gaza, a nemi OPA2134 na gaske, a sa ninki 4 zuwa 6, a kuma auna bakin fita da mita kafin hedifon mai tsada ya kusanci jak ɗin.